Katafilar da Na Zaɓa

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan La'asar

Yau na taka gonar Baba, karo na farko tun shekarar da 'yan bindiga suka sa muka taso daga Gidan Ɗanmaraya muka dawo cikin Batsari da zama. Shekara huɗu ke nan. Ni da ƙanena Rilwanu muka je a babur ɗinsa. Da muka isa bai kashe injin ba, ya ce gara a bar shi yana aiki.

Wallahi ba don tsamiyar bakin hanya ba, da na rantse ba gonarmu ba ce. Sabara da geza sun kai ƙirji, kalgo ya yi kauri, farar ƙaya ta toshe ko'ina. Rilwanu ya ce ko mutum ashirin aka zuba da gatari sai sun yi wata guda, kuma wa zai yarda ya yi wata guda a can? An ce an samu sauƙi, mun ji, amma har gobe kowa so yake La'asar ta same shi a cikin gari.

Giratutina ya fito tun kafin azumi, ladan shekara talatin da biyar ina fama da alli da 'ya'yan mutane. Na yanke shawara zan sayi 'yar ƙaramar katafila, mu share tamu, sannan mu share wa jama'a. Duk wanda ya taso irin tamu yana da daji yana jiransa.

Na leƙa ta gabas, wajen gonar Uwaisu. Can ne dajin ya fi duhu. Layin gambar da Baba ya dasa tsakaninmu da su yana nan, ya bushe amma yana tsaye. Mahaifin Uwaisu, wanda duk muke kira Baffa, Bafillace ne. Baba ya yankar masa wannan gefen tun ba a haife mu ba, ya ce ya zauna da shanunsa ya noma. Ba takarda, ba komai, gambar nan ita ce shaida. Tare muka tashi da Uwaisu, kwano ɗaya. Su ma a makon da muka taso suka tashi, suka yi wajen Safana. Rilwanu ko kallon gefen bai yi ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu, bayan Magariba

Mun je Katsina ni da Tayyib makanike. Tsohon ɗalibina ne, ya yi shekaru yana gyaran injina a wajen 'yan kwangilar hanya. Yaron da na sha zanewa saboda makara, yau shi ke gaba ina binsa a baya kamar ɗan aike.

Biyu muka gani waɗanda aljihuna zai iya. Ta farko tsohuwa ce, fentinta ya koɗe, in aka tayar da ita sai ta yi tari ta busa baƙin hayaƙi. Gabanta haƙora ne a jere irin na manjagara. Ta biyu rawaya ce, an yi mata sabon fenti, ta ɗan fi girma, bakinta faffaɗan ƙarfe ne shafaffe. Mai sayarwa ya ce gona irin tamu rawayar kwana uku za ta yi mata, tsohuwar kuwa sai kwana goma in ta ga dama.

Tayyib ya shiga ƙarƙashin kowace, ya taɓa sarƙa, ya shinshina baƙin mai, ya fito duk ya ɓaci. Ya ja ni gefe ya ce injin tsohuwar lafiya lau yake, hayaƙin nan aikin yini ɗaya ne. Ya ce haƙoran nan saiwa suke kamawa su tumɓuke, ƙasa ta zube ta tsakaninsu ta zauna inda take.

"Malam, ta hanya daban, ta gona daban," in ji shi. "Wannan rawayar in ta sunkuya ba ta san itace ba, ba ta san ƙasa ba. Duk abin da ke gabanta tafiya za ta yi da shi."

Na tambaye shi ko ana iya sa wa rawayar haƙora. Ya ce ana ƙerawa a Kano, amma sai an yi sati uku. Sati uku! Ga mutum goma sha ɗaya sun riga sun yi mini magana, kowa yana son a gama masa kafin ruwa ya sauka.

Asabar, 12 ga Afrilu, da hantsi

Rilwanu ya zo tun ban gama karyawa ba. Da ya ji maganar kwana goma sai ya miƙe tsaye. Tun bayan da muka rasa Huzaifa, ɗansa na fari, ba ya iya jin an ce a daɗe a daji, ni kuma ba ni da bakin da zan ce masa komai a kan wannan. Ya ce a sayi mai sauri, a shiga a fita.

Bayan ya tafi, matata Zuwaira tana kwashe kwanuka ta tambaye ni ko na aika wa Uwaisu cewa za a sa inji kusa da gonarsa. Na ce mata ina zan same shi, kuma katafila ai ba makauniya ba ce, mutum ne ke tuƙa ta. Na faɗa da tsawa. Ban san abin da ya sa na yi mata tsawa ba, tambaya kawai matar nan ta yi.

Lahadi, 13 ga Afrilu, bayan Asuba

Na yi istihara. Ban ga komai ba, ko kuma na ga abin da dama nake so.

Talata, 15 ga Afrilu, bayan Magariba

Na sayi rawayar.

Tayyib ya ƙara duba mai, ya ɗaure wani kusa, ya wanke hannunsa da fetur. Daga Katsina har Batsari hirar ƙwallo ya yi ta yi da wani fasinja, ni ko ta kaina bai bi ba. Ya yi ta yi, kuɗinsa ne ko nawa?

Amma bari in rubuta gaskiya a nan, tunda ba mai karantawa. Kunya na ji a ce hedimasta ya kwashe guminsa na shekara talatin da biyar ya sayo tsohuwa mai tari. Na so a gan ta tana sheƙi. Na rubuta wannan ne don kada gobe in ce saboda Rilwanu ne kawai.

Juma'a, 18 ga Afrilu, bayan La'asar

Tirela ta sauke ta a bakin gari ana saukowa daga masallaci. Jama'a kamar ranar kasuwa. Har da masu ce mini Alhaji, ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. Na samu direba, Kamalu, mutumin Dutsin-Ma, magidanci mai natsuwa, ya daɗe yana aikin titi. Ya zagaya da ita sau biyu a fili don mutane su gani. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Litinin, 21 ga Afrilu, bayan La'asar

An fara, ta yamma. Kai, abin nan akwai ƙarfi. Kalgon da zai ci gatari yini guda, tana taɓa shi sai ya kwanta. Kamalu yana tura komai arewa, yana tarawa a bakin rafi, har ya zama tudu. Inda ta wuce ƙasa ta fito jawur, sumul, kamar filin makaranta ranar da sufeto zai zo. Na tsaya ina kallo ina cewa a raina ai ga aiki.

Rilwanu ya yi dariya yau. Na manta rabon da in ga haƙoransa. Ƙarfe biyu muka tashi, kowa yana waiwaye.

Laraba, 23 ga Afrilu, da Azahar

An gama. Kwana uku cif, kamar yadda mai sayarwa ya ce. An gama har gabas.

Laraba, bayan La'asar

Ban ci abinci ba. Zafi ne.

Juma'a, 25 ga Afrilu, da hantsi

Ba ni na tuƙa ba. Ni ko inda ake taka birkinta ban sani ba.

Litinin, 28 ga Afrilu, bayan Magariba

Katafila tana gonakin mutane, ta gama uku. Duk inda na wuce sai sa albarka. Wani tsoho ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci yana cewa na raya ƙauye.

Zuwaira ta tambaye ni ko gambar Baba tana nan. Na ce kaina ke ciwo. Ta kawo magani ta ajiye, ta tsaya tana kallona har na haɗiye, alhali ta san lafiyata ƙalau.

Ba ni na tuƙa ba.

Alhamis, 1 ga Mayu, bayan La'asar

Na haɗu da Uwaisu a kasuwa.

Ina tsaye wajen masu iri sai na ji an kira sunana, ba Malam, ba Hedimasta, Haliru kawai. Mutum nawa suka rage da ke kirana haka? Ya tsufa fiye da ni, gemunsa ya yi fari fat, amma sandar nan tana saɓe a kafaɗa yadda na san ta. Muka daɗe muna gaisawa. Ya tambayi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Da ya zo kan gidan Rilwanu sai ya ce Allah ya jiƙan wanda ya riga mu. Na tambaye shi ƙanensa, ya girgiza kai, ya ce har yau ba labari. Na lura da yadda wasu ke kallonsa ta wutsiyar ido, cikinsu har da waɗanda suka girma da nonon da mahaifiyarsa ke kawowa.

Ya ce shekarun nan a wani ƙauye wajen Safana suke, wani ya ara musu ɗan fili, bana kuma mai fili ya ce yana son abinsa. Ba su da inda za su sa iri sai gonar Baffa. Zai dawo da matarsa Sadiqa da yara, su kafa bukka su noma, ko me za a ce a ce.

Sannan ya yi murmushi ya ce ya ji na zama mai katafila. Ya ce in na gama tawa in taimaka masa da tasa, amma a bi a hankali, don wajen da shanu suka daɗe suna kwana ƙasar tana da laushi.

Na ce masa to, sai ya zo. Na baro irin da na saya a gaban mai iri, sai da ya biyo ni da shi.

Juma'a, 2 ga Mayu, bayan Asuba

Bari in rubuta shi yadda ya faru, na gaji da zagaye.

Ranar Larabar nan, wajen sha ɗaya, Kamalu ya iso layin gamba. Ya tsaya, ya rage wuta, ya nuna gambar da hannu yana tambaya ko iyaka ce. Ɗan manomi ne, ya san abin da gamba a jere take nufi. Rilwanu ya ɗaga hannu ya yi masa alamar ya wuce. Kamalu bai kalli Rilwanu ba, ni ya kalla, don ni ne babba kuma ni ne mai injin. Ni kuwa na zaro waya daga aljihu na sunkuyar da kai ina dannawa. Kowa ya san ba sabis a wurin nan. Ya jira ni, wallahi ya jira ni. Da ya ga ban ɗago ba sai ya ƙara wuta.

Gambar da ta haura shekara sittin, ko minti biyar ba ta yi ba. Ya shiga gonar Uwaisu ya share ta tas, ta haɗe da tamu ta zama fili ɗaya. Da yake itatuwan can sun fi kauri, sai da ya ƙara nutsa bakin a ƙasa kafin su fita.

A hanya Rilwanu ya ce ai su ba za su dawo ba, kuma ko sun dawo... Bai ƙarasa ba, ni ma ban ce ya ƙarasa ba. Na san Uwaisu ba shi da hannu a abin da ya same mu. Rilwanu ma ya sani. Tsoro na ji kada dariyar nan da ta dawo masa ta sake ɗaukewa, kuma in faɗi gaskiya, filin ya yi mini kyau a ido da ya zama ɗaya.

Litinin, 5 ga Mayu, da Azahar

Uwaisu ya je gonar shi kaɗai da safe, daga can ya zo zaurena. Ƙafarsa duk jar ƙasa. Zuwaira ta aiko da ruwa, ya sha, ya gode.

"Haliru, ina gambar?"

Na ce direba ne, baƙo ne, bai sani ba.

Ya ce to. Ya miƙe ya ce zai je ya gaida Maigari. Maigarinmu shi ma a nan Batsari yake zaune tun shekarar da muka taso.

Na ɗora wa Kamalu, mutumin da ya tsaya ya tambaya. Allah ya gani.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan La'asar

An zauna a zauren Maigari. Rilwanu ya ce aro ne Baba ya ba Baffa, Baffa ya rasu, aro ya ƙare. Ya ce in akwai iyaka a nuna, in akwai takarda a kawo. Dattawan da suka san zancen, wasu suna ƙasa, waɗanda ke raye kuma kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Uwaisu bai yi dogon bayani ba. Ya ce a nan aka haife shi, a nan aka binne cibiyarsa, kuma ba shi da wani wurin.

Maigari ya juyo gare ni, ya ce ni ne babban gida, abin da na faɗa shi za a bi.

Na ce ba a haife ni ba lokacin da aka yi abin, a ba ni lokaci in yi tunani. Ni, Haliru, da na yi shekara arba'in ina tsallake gambar nan safe da yamma! Maigari ya kalle ni ya ce to, nan da sati biyu, a gonar. Uwaisu ya fita ya sa takalmansa, bai kalli kowa ba.

Asabar, 10 ga Mayu, da hantsi

Labari ya riga ni isowa gida, kamar kullum. Yau Zuwaira tana tankaɗe, ba ta ma ɗago ba, ta ce:

"Malam, shekara talatin ina jin kana gaya wa 'ya'yan mutane su faɗi gaskiya ko za a doke su. Kai wa zai doke ka?"

Na ɗauki hulata na fita, na rasa inda zan je, na zagaya bayan asibiti na dawo.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan Azahar

Yau Baffa nake ta tunawa. Da an kwashe amfanin gona zai shigo da garke. Ba ya barin shanu su kwana wuri ɗaya fiye da 'yan kwanaki, sai ya tsige turaku ya matsa gaba, har ya zagaye gonarsa ya shigo tamu. Baba ya ba shi dami, shi ya bar mana taki, ba wanda ya taɓa auna na wani. Ni da Uwaisu mu ke ɗaukar turakun. Gefen su kuwa, da yake can ne mashekari, inda shanu suka fi kwana, ƙasar baƙa ce wulik, in ka tura hannu sai ya nutse har wuyan hannu. Geron can ya fi mutum a kan doki tsawo.

Ruwa ya fara haɗuwa ta gabas. Mutumin nan yana zaune da iyali ba su san inda za su shuka ba, ni ina nan wai ina tunani.

Lahadi, 18 ga Mayu, bayan La'asar

Na je gidan Rilwanu na gaya masa zan faɗi abin da na sani. Na yi ta kawo Baba, na kawo amana, na kawo lahira. Ya bar ni na gama.

"Yaya, Huzaifa ba ɗanka ba ne," ya ce.

Na ce ai ba Uwaisu ne ya yi sanadinsa ba kuma. Ya ce ya sani, amma shi ba zai iya noma yana jin kukan shanu a gefensa ba. Ya shige cikin gida ya bar ni a zaure. Na tausaya masa har cikin raina, kuma ban canja ba.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan Azahar

Na faɗa.

A tsakiyar filin, gaban Maigari da dattawa biyar, na ce kyauta ce ba aro ba, daga bakin Baba na ji ba sau ɗaya ba. Na ce Kamalu ya tsaya ya tambaya, ni ne na yi shiru. Har zancen waya na faɗa. Sannan na taka iyakar da ƙafata, daga saitin tsamiya na miƙe har dutsen nan mai tsaga da ke bakin rafi, wanda katafila ta kasa turewa. Ana bina ana kafa turaku. Maigari ya ce magana ta ƙare, gabas ta Uwaisu ce da 'ya'yansa.

Rilwanu ya hau babur ɗinsa ya tafi bai jira addu'a ba. A bayan a-kori-kurar Maigari na dawo.

Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Na ci tuwo na ƙara. Uwaisu ya ba ni hannu, ya yi godiya, sai dai na lura tun da muka isa yake ta goga ƙasa da babban yatsan ƙafarsa. Ya ce gobe za su kwaso kaya. Alhamdu lillahi, na gyara abin da na ɓata.

Lahadi, 25 ga Mayu, bayan Asuba

Ruwa ya sauka, mai yawa. Gobe shuka.

Litinin, 26 ga Mayu, bayan La'asar

Ban gyara komai ba.

Na isa da hantsi na tarar da su a tsaye, Uwaisu da sungumi, Sadiqa da ƙwaryar iri, yara a bakin bukkar da suka kafa. Ruwan jiya bai shiga ƙasa ba. Ya bi ta kai ya wuce, ya yi 'yan kwazazzabai ja har rafi. Uwaisu ya ɗaga sungumi ya sara a gabana, sungumin ya yi tsalle ya dawo. Ya matsa gaba ya sake, ya sake. Tun asuba yake yi, in ji Sadiqa, ya zagaye gonar kaf. Fako ne. Duk inda ya sara fako ne da marmara.

Uwaisu ya nufi arewa, na bi shi, har tudun da Kamalu ya tara a bakin rafi. Ya tura hannu tsakanin ƙayoyi da kututture ya ciro ƙasa cike da tafinsa, baƙa wulik, tana ƙanshin ruwa. Ƙaya ta yanke shi, jini yana bin yatsunsa.

"Gonata ga ta nan," ya ce.

Ya buɗe hannun ya bar ta ta zube. Ni dai ina tsaye.

Talata, 27 ga Mayu, da Azahar

Na ɗauko Tayyib na kai shi. Ya durƙusa ya ƙwaƙula da sukundireba, ya je ya dubi tudun. Ya ce a gefenmu an kwashe kamar faɗin tafin hannu, a gefen Uwaisu ya ninka haka, don can aka fi nutsa baki. Ya ce ƙasar da ke ciyar da shuka dama iyakarta ke nan, ta sama.

Na ce to a tayar da katafila ta mayar da ita. Ya ce tudun ya cakuɗe da kututture da ƙaya da tsakuwa, rabinsa ma ruwan jiya ya fara ja cikin rafi. Kuma in aka hau jiƙaƙƙiyar ƙasa da nauyin nan, daɓe ta za a yi kamar tsakar ɗaki. Sai dai a jira rani, a sa haƙora, a tsince abin da ya rage, shi ma ba zai koma yadda yake ba.

Bai ce ai na gaya maka ba. Da ya faɗa da na fi jin sauƙi. Na ce wa Kamalu ya ajiye makulli. Gonaki tara ta share wa mutane bayan tamu, masu su suna ta sa mini albarka, ban san da wace fuska zan gamu da su ba.

Alhamis, 29 ga Mayu, da hantsi

Na ce wa Uwaisu ya zaɓi inda yake so a gefena ya shuka. Ya ce ya duba, gefena da ɗan dama, amma ba zai ɗauki gida biyu ba, kuma ba zai ƙara shiga tsakanina da Rilwanu ba. Na ce zan sayo masa takin zamani. Ya ce a kan fako ruwan farko zai wanke shi ya kai rafi. Ba faɗa, ba ɗaga murya. Da ma ya zage ni.

Asabar, 31 ga Mayu, bayan La'asar

Ya aro jaki. Shi yana tsince ƙaya yana cika mangala daga tudun, Sadiqa tana kora jakin, suna zubawa kusa da bukka. Na je da kwanon gini na shiga layi. Bai ce in zo ba, bai ce in tafi ba. Bayana kamar zai balle.

Lahadi, 1 ga Yuni, bayan Magariba

Mun yi ta ɗiba tun safe. In ka tsaya daga tsamiya ba za ka ma ga inda muka zuba ba.

Litinin, 2 ga Yuni, bayan La'asar

Kwana biyu muna ɗiba, wurin da muka rufe bai fi tsakar gidana ba. Yau da safe Uwaisu ya shuka shi gero, ya bi ramukan da diddige ɗaya bayan ɗaya.

Da ya gama na ga Sadiqa tana ɗaure tukwane, yara suna kwance bukka. Ya ce zai kai su wurin yayanta su yi damina, in ya karɓe su. Shi kuma ya samu wani mai shanu da ke neman makiyayi, zai bi garken mutum a biya shi. Ɗan Baffa ke nan zai yi kiwon haya. Ya ce wannan ɗan wurin ya shuka ne don kada baɗi wani ya tashi ya ce ya bar gonar da kansa. Ya roƙe ni in gero ya fito in riƙa leƙawa saboda awaki.

Na ce zan leƙa. Na ce da rani zan sa mata haƙora in mayar masa da duk abin da zai mayu. Ya ce Allah ya kai mu. Sai na tambaye shi abin da bai kamata in tambaya ba, na ce in ya dawo da shanunsa suna kwana a kai kamar da, shekara nawa yake gani kafin ta ciyar da su.

Ya gyara sandarsa a kafaɗa.

"Baffa ya yi shekara arba'in yana tara ta, da shanu ɗari. Ni bakwai suka rage mini. Kai ne malami, Haliru, ka lissafa."

Suka kama hanyar Safana, jaki a gaba, shi a baya. Na tsaya da kwanon gini a hannu har suka sha kwana.

Na dawo gida na lissafa a bayan littafin nan. Ko jikokinmu ba za su gani ba.